Yadda Ake Ɗaukar Hoton Nebular Tauraro Mai Mutuwa Daga Tsakar Gida

Tauraro irin ranarmu ba ya mutuwa da fashewa. Idan makamashin cikinsa ya ƙare sai ya kumbura ya zama jan ƙato, daga nan ya rinƙa tuɓe iskar da ke lulluɓe da shi yana watsarwa, har a bar zuciyarsa a fili. Wannan zuciya ƙarama ce amma zafinta ya wuce misali, kuma haskenta ne ke kunna iskar da aka watsar ta rinƙa ƙyalli da kore-shuɗi da ja. Ƙyallin ba ya daɗewa a ma'aunin rayuwar taurari, shekara dubu goma zuwa dubu ashirin ne iskar ta bazu ta dushe, zuciyar kuma ta zama abin da masana ke kira farin wada. A taswirar sama da manhajoji za ka same su da sunan planetary nebula. Sunan ya samo asali ne tun shekarun 1780, zamanin William Herschel, saboda a ƙaramin teleskop suna kama da faifan duniyoyi, amma babu abin da ya haɗa su da duniyoyin. A nan za mu rinƙa ce musu nebula kawai.

Ɗaukar hotonsu ya bambanta da na sauran abubuwan sama ta fuska guda, kuma komai na wannan jagora a kanta ya ratayu: yawancinsu ƙanana ne ƙwarai, amma masu haske ne ƙwarai. Manyan gizagizan iskar sama irin na Orion suna cika hoto, wahalarsu dushewar gefe ce. Waɗannan kuwa haskensu a dunƙule yake wuri guda, har yakan huda hasken gari da na wata. Abin da ke ba mai ɗauka wuya shi ne ƙanƙantarsu. Don haka kaifin hoto ya fi tsawon sa'o'i muhimmanci, kuma wanda bai yi lissafi ba tun farko zai kwana a waje ya tashi da ɗigo kore wanda bai fi tauraro girma ba.

Lissafi kafin ka sayi komai

Ana auna girman abu a sama da kusurwa. Digiri ɗaya minti 60 ne na kusurwa, kowane minti kuma sakan 60. Cikakken wata faɗinsa wajen minti 30 ne, wato sakan 1,800. Zoben nebular M57 da ake yawan gani a hotuna bai kai minti ɗaya da rabi ba. Sai ka jera irinsa ashirin kafin ka ƙetare fuskar wata.

Abin da kake son sani shi ne sakan nawa na sama kowane fiksil na kyamararka, wato kowane ɗigon da ke haɗa hoto, zai ɗauka. Ka ɗauki girman fiksil ɗin a maikuromita, ka ninka da 206, ka raba da tsawon fokas ɗin teleskop a milimita. A ce kyamararka irin ZWO ASI533 ce mai fiksil 3.76. A kan ƙaramin teleskop mai tsawon fokas 480 za ka sami sakan 1.6 a kowane fiksil, M57 zai fito da faɗin fiksil wajen 50. Za a ga zobe da raminsa, shi ke nan. A kan teleskop samfurin Newton mai baki milimita 200 da tsawon fokas 1,000, lissafin ya koma sakan 0.78, zoben ya haura fiksil 100, a nan ne za a fara ganin zare-zaren cikinsa. Na'urar Seestar S50, wadda ta haɗa teleskop da kyamara da mazauni (abin da ake ɗora teleskop a kai ya juya shi) a jiki guda, tana ba da sakan 2.4, M57 bai wuce fiksil 35 ba.

Sai dai ƙara tsawon fokas yana da iyaka, kuma iska ce ta sa iyakar. Ka tuna yadda hanya ke rawa a saman kwalta da tsakar rana a watan Afrilu. Haka iskar sama take yi wa hasken tauraro kowane dare, sai dai a hankali. A yawancin wurare wannan rawa tana baza tauraro zuwa faɗin sakan 2 zuwa 4. Idan ka sauka ƙasa da rabin sakan a kowane fiksil, ba wani sabon abu kake gani ba, rawar iskar kake ƙara wa girma, hoton kuma ya ƙara duhu. A ganina tsakanin sakan 0.6 da sakan 1 shi ne gidan wannan aiki. Wanda kayansa suka tsaya a sakan 1.5 zuwa 2.5 ba a rufe masa ƙofa ba, sai dai ya zaɓi manyan nebula, kuma an yi dace manyan suna cikin mafiya kyau.

Wacce za a fara da ita, kuma yaushe

Ka fara da M27, wadda ake kira Dumbbell, a rukunin taurarin Vulpecula. Ita ce irin wannan nebula ta farko da aka gano, Charles Messier ya rubuta ta a 1764. Tsawonta wajen minti 8 ne, faɗinta wajen 6, ga haske, ga kore da ja a jiki guda. Kowane irin kaya da na ambata a sama zai fitar da ita, har Seestar ɗin. Ta biyu ita ce Helix, lambarta NGC 7293, a rukunin Aquarius. Nisanta daga gare mu shekarun tafiyar haske wajen 650 ne, tana cikin mafiya kusa, shi ya sa zobenta mai haske ya kai rabin faɗin wata. Amma girman nan ya sa haskenta ya bazu, don haka tana son sama mai duhu da haƙuri.

A kan Helix ɗin nan muna da gata wanda ya kamata a faɗa. Tana digiri 21 ne kudu da layin da ya raba sama arewa da kudu. Daga Landan ba ta tashi sama da digiri 18 daga ƙasa, mai ɗauka a can yana harbi ne ta cikin iska mai kauri da hasken gari. Daga Kano, wadda ke kan digiri 12 arewa, tana kaiwa digiri 57. Daga Zinder ko Maraɗi ko Sakkwato bambancin kaɗan ne. Haka NGC 3132, zoben kudu da teleskop ɗin James Webb ya fito da shi cikin hotunansa na farko a watan Yulin 2022: yana kaiwa kusan digiri 38 a samanmu, alhali a arewacin Turai ba ya leƙowa ma.

Matsalarmu ta yanayi ce. M27 da M57 sun fi tsayuwa a sama da dare daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da hadari ya rufe ko'ina. Daga ƙarshen Nuwamba kuma hazo ya sauko. Tsakanin biyun akwai 'yan makonni, daga ɗaukewar ruwa a Oktoba zuwa farkon hunturu, da damina ta wanke iska tas kuma ƙura ba ta taso ba. Wannan ne lokacin da ya fi kowanne daraja a shekara, kuma ya kamata kayanka su kasance a shirye tun Satumba. A tsakiyar Oktoba, daga idar da sallar Isha'i duhu ya gama kamawa, M27 tana kusan tsakar ka, kuma za ka iya binta har wajen ƙarfe goma sha ɗaya kafin ta yi ƙasa. M57, wadda ke kusa da tauraro mai haske Vega, takan riga ta gangarawa, zuwa ƙarfe goma ta yi ƙasa da yawa. Helix tana kaiwa ƙololuwarta wajen tara da rabi. Dare guda zai iya ɗaukar biyu: M27 da farko, Helix daga baya. Duk abin da ya sauka ƙasa da digiri 30 ka ƙyale shi.

Da hunturu akwai NGC 2392 a rukunin Gemini, ƙarama mai tsananin haske, wadda ke jure hazo marar kauri. A Maris da Afrilu akwai M97 mai fuskar mujiya, da NGC 3242, da zoben kudun nan. Manhajar Stellarium kyauta ce, ka sa mata garinka ta nuna maka tsayin kowacce a kowace sa'a.

Lissafin wata kuwa mun riga mun iya shi. Daga wajen 22 ga wata, wata ba ya fitowa sai tsakar dare, daga 26 zuwa 4 ga sabon wata kusan dare duka naka ne. Ƙananan nebula masu haske ana iya ɗaukarsu ko da farin wata, amma Helix sai a duhu.

Kayan aiki

Idan kuɗi bai kai ga komai ba, mazauni za a fifita. Sama tana juyawa sakan 15 na kusurwa a kowace daƙiƙa. A kan teleskop mai tsawon fokas 1,000 ɗin nan, tauraro yana tsallake fiksil 19 kafin ka ƙifta ido sau biyu. Mazauni mai inji wanda aka karkata shi daidai da juyawar duniya shi ke soke wannan tafiya. Irin Sky-Watcher HEQ5 ko EQ6-R su ne aka fi sani, akwai kuma marasa nauyi irin ZWO AM5. Kafin ka biya kuɗi ka duba abu guda wanda masu sayarwa a Turai ba sa tunawa da shi: ko mazaunin yana sauka zuwa digiri 10 ko 12. A ƙasashenmu sandar juyawarsa kusan kwance take, kuma a wasu samfuran ƙarfen nauyin da ke daidaita teleskop yakan bugi ƙafar mazaunin. Maganinsa shi ne ƙarin wuya da ake ɗaurawa tsakanin ƙafafu da kan mazauni, ko a juya kan yadda sandar nauyin za ta faɗa tsakanin ƙafafu biyu.

Sai ƙaramar kyamara ta biyu mai gadin tauraro. Aikinta ta zuba wa tauraro guda ido, da zarar ya gusa manhajar PHD2 ta umarci mazauni ya gyara. Idan tsawon fokas ya haura 1,000, gara a yi gadin ta cikin babban teleskop ɗin da ɗan madubin da ke tsinto haske daga gefe, domin ƙaramin teleskop da aka ɗaura a sama yakan ɗan lanƙwasa ba tare da ka sani ba.

Batun filta yana buƙatar a ɗan tsaya. A 1864 William Huggins ya duba hasken NGC 6543, wadda ake kira Idon Kyanwa, da na'urar rarraba haske. Maimakon bakan gizo irin na taurari sai ya ga 'yan layuka masu haske, mafi ƙarfinsu kore. Shekara da shekaru ana zaton wani sabon sinadari ne, sai a 1927 Ira Bowen ya nuna cewa oksijin ne da ya rasa lantarkinsa biyu, a cikin iska mai tsananin sirantaka. A ma'aunin launin haske wannan layi yana kan nanomita 500.7, ana rubuta shi OIII. Jan kuma daga haidurojin yake a 656.3, ana rubuta shi Ha, da naitirojin a 658.4. Ma'anar wannan ga mai ɗaukar hoto babba ce: kusan duk hasken nebular yana fitowa ta ƙofofi biyu matsattsu, fitilun gari kuwa sun bazu a ko'ina. Filta mai ƙofa biyu, irin Optolong L-eXtreme mai faɗin nanomita 7 a kowace ƙofa, tana barin na nebula ya shiga ta tare mafi yawan sauran. Da ita ana aiki daga tsakiyar gari.

Akwai masu faɗin nanomita 3, sun fi tsada kuma sun fi duhunta bango. Amma ga wannan aiki ba koyaushe suka fi ba. Layin naitirojin nanomita 2 kacal ke tsakaninsa da na haidurojin, kuma a nebula da yawa, har da bakin zoben M57, shi ke ba da kaso mai yawa na jan. Filta mai nanomita 7 tana ɗaukar duka biyun, mai 3 tana iya yanke shi. Ni na fi karkata ga mai faɗin ga mai farawa.

Kyamara mai launi ta wadatar. Koren oksijin yana sauka a kan fiksil kore da shuɗi, wato kashi uku cikin huɗu na sensa, allon kyamara da ke kama haske. Ko kyamarar ɗaukar hoto ta yau da kullum, Canon ko Nikon, wadda ke toshe mafi yawan jan haidurojin, tana fitar da M27 da kyau saboda wannan dalili. Kyamarar taurari mai sanyaya kanta ta fi, musamman a ƙasar zafi, domin yashin da zafi ke zubawa a hoto, wato ɗige-ɗigen da ke gurɓata shi, yana ninkawa duk ƙarin digiri shida ko makamancin haka. Irin waɗannan kyamarori sukan iya sauka wajen digiri 35 ƙasa da zafin waje. A daren bazara da zafi ke digiri 30 kada ka nemi 10 ƙasa da sifiri kamar yadda za ka gani a darussan Turawa. Ka tsayar da ita a sifiri, ka riƙe wannan duk shekara, na'urar sanyin ba ta wahala ba kuma hotunan gyaranka, waɗanda za mu yi bayaninsu a gaba, za su yi ta amfani.

Yawancin kayan nan da wuta mai bolt 12 suke aiki. Ka ware musu batiri, kada ka dogara da wutar gari, don ɗaukewar daƙiƙa guda tana sa mazauni ya manta inda yake. Janareta kuma yana girgiza ƙasa, hayaƙinsa mai zafi yana bi ta gaban teleskop.

Kafa kaya

Ka fito da teleskop tun Magariba ya huce, minti 45 zuwa sa'a guda, har zafinsa ya yi daidai da na waje. Madubi mai ɗumi yana haifar da tasa rawar iskar a cikin bututu. Ka kafa a kan ƙasa ko ciyawa idan da hali. Daɓen siminti da saman bene da rufin kwano duk suna amayar da zafin rana har tsakar dare, kuma idan nebular tana saman rufin maƙwabci za ka ga taurari sun kumbura. Mai teleskop na madubai ya duba daidaiton madubansa kowane dare, don a kan abu mai faɗin sakan 40 ƙaramar karkata tana cinye komai. Wanda zai fita bayan gari neman duhu ya je inda aka san shi, da abokin tafiya, ya sanar da mai unguwa tun da rana.

Daga nan sai saita mazauni da cibiyar juyawar sama. Tauraron arewa, Polaris, tsayinsa daidai yake da digirin garinka, wato wajen 12 a Kano, 17 a Agadez, 10 a Jos. Katanga ko bishiya ko hazo sukan ɓoye shi, ga shi iska tana ɗaga shi sama da ainihin wurinsa da wajen minti 4 na kusurwa. Saboda haka kada ka wahalar da kanka da nemansa. Manhajar N.I.N.A., ita ma kyauta, tana da hanyar saiti ta maki uku: tana ɗaukar hoto uku a ko'ina a sama, ta gane taurarin, ta gaya maka yadda za ka murɗa sukurorin mazauni. Ka kai kuskuren ƙasa da minti 2 ko 3 na kusurwa ka tsaya. Wannan dabarar gane taurari daga hoto ita ce kuma za ta kai ka kan nebular ta sa ta a tsakiya, abin da ke da wuya da ido idan filin hoto ƙarami ne.

Fokas shi ne inda ake cin nasara ko a faɗi. Ka sa murfin Bahtinov, faifai mai tsage-tsage da wani mai sha'awar taurari ɗan Rasha ya ƙirƙiro a 2005, a bakin teleskop, ka nufi tauraro mai haske kusa da nebular. Za ka ga layuka uku, ka murɗa har na tsakiya ya raba sauran biyun daidai. Ka yi wannan da filta a ciki, kuma ka cire murfin kafin ka fara. Yayin da dare ke sanyi bututu yana tsukewa, fokas ya gusa. Ka sake dubawa duk sa'a, ko duk lokacin da lambar girman taurari a manhaja ta fara hawa. A Oktoba raɓa tana sauka sosai, ka tanadi ɗamarar ɗumama ko aƙalla dogon bututun kwali a bakin teleskop.

Ɗauka

Ba hoto ɗaya ake ɗauka ba, da yawa ake ɗauka a tara. Hasken nebula yana nan daram a kowane hoto, yashi kuwa yana canza wuri, don haka tarawa tana ƙarfafa na farko ta danne na biyu. Idan ka ninka lokaci sau huɗu, tsabtar hoto ta ninka sau biyu. Daga sa'a ɗaya zuwa huɗu ana ganin bambanci ƙarara, daga huɗu kuma sai ka kai sha shida kafin ka sake ganin irinsa.

Ga M27 da filta mai ƙofa biyu, ka gwada daƙiƙa 120 zuwa 180 a kowane hoto, jimilla sa'a biyu zuwa uku. Helix tana son daƙiƙa 180 zuwa 300, jimilla sa'a biyar ko fiye, ko da a darare daban-daban. Kafin ka sake wa manhaja ragama, ka ɗauki hoto guda na gwaji, ka ɗora alamar linzami a kan wurin da ya fi haske a jikin nebular, ka karanta lambar. Idan ta kusa ƙurewa, wato kusa da 65,535 a yawancin manhajoji, ka rage lokaci. Wurin da ya ƙure ya zama fari fat, babu gyaran da zai dawo da abin da ke cikinsa. Wannan kuskure shi ya fi ɓata hotunan irin wannan nebula, domin mutum ya saba da cewa doguwar ɗauka ita ce daidai.

Ƙananan masu tsananin haske, irin Idon Kyanwa da NGC 2392 da NGC 7009, dabararsu daban ce. A cire filta, a rage ɗauka zuwa daƙiƙa ɗaya ko biyu ko ƙasa da haka, a ƙara ƙarfin sensa, a ɗauki dubbai da manhajar SharpCap. Iska ba kullum take rawa daidai ba, akwai 'yan lokutan da take lafawa, kuma gajerun hotuna suna kama su. Daga baya sai a zaɓi kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar mafiya kaifi a zubar da sauran. Da wannan hanya teleskop mai baki milimita 200 yana fitar da lanƙwashe-lanƙwashen cikin Idon Kyanwa, wanda tsakiyarsa sakan 20 ce kawai.

Da yawa daga cikinsu kuma suna da rawani dusasshe a kewaye, iskar da tauraron ya fara zubarwa tun kafin ya kai gargara. Na Idon Kyanwa ya kai wajen minti 6, M57 da M27 ma suna da nasu. Wanda ke son tsakiya da rawani a hoto guda sai ya ɗauki jeri biyu, gajere da dogo, ya haɗa su daga baya. Rawani aikin sa'o'i goma ne ko fiye, ka bar shi sai hannu ya faɗa.

Ka kunna umarnin da ke gusar da teleskop 'yan fiksil tsakanin hoto da hoto, yana hana matattun fiksil zama a wuri guda. Ka kuma lura da lokacin da nebular za ta wuce ƙololuwarta ta fara gangarawa, don mazauni zai juya ɓangare, igiyoyi kada su sarƙe.

Hotunan gyara

Iri uku ne. Na duhu: murfi a rufe, lokaci da sanyi da ƙarfin sensa daidai da na ainihin hotunan, guda 20 zuwa 30. Na gajeren duhu: haka dai, amma da mafi gajartar ɗauka. Na fili: a lulluɓe bakin teleskop da farin ƙyalle a nufi sama bayan Asuba, ko a ɗora allon kwamfuta mai farin shafi, a saita lokaci har haske ya kai sulusi zuwa rabin ma'auni. Na filin su ke goge duhun kusurwoyi da zoben da ƙura ke bari. A ƙasar ƙura kowane dare sai an ɗauki sababbi, kafin a taɓa fokas ko a juya kyamara. Kuma kada a goge gilashi mai ƙura da ƙyalle, ƙurar hunturu tana karce shi. A hure ta da robar hura iska.

Haɗawa da fito da hoto

Manhajar Siril kyauta ce kuma ta isa. Ka zuba hotunan a jakunkuna huɗu masu sunayen da take nema, ka kunna umarninta na sarrafa hoton launi, ita za ta cire na gyara, ta jera taurari a kan juna, ta tara. Kafin nan ka bi hotunan ka fitar da duk wanda taurarinsa suka ja wutsiya ko suka kumbura. A wannan aiki zubar da kashi ɗaya cikin uku ba asara ba ce. Idan da filta mai ƙofa biyu ka yi aiki, akwai umarnin da ke raba Ha da OIII zuwa hotuna biyu. Ka daidaita haskensu, ka ba Ha ja, ka ba OIII kore da shuɗi. Launin da zai fito yana kusa da na gaskiya.

Hoton da ya fito zai yi kamar baƙi, haka yake. Ka yanke gefuna, ka cire bambancin hasken bango da kayan Siril ko GraXpert, ka yi kaifafawar da ke rage bazuwar taurari tun hoton bai buɗe ba, kuma da sauƙi: da ka ga baƙin zobe ya kewaye taurari ka wuce gona da iri. Sai buɗe haske, a hankali, mataki-mataki, idonka a kan tsakiyar nebular. Buɗewar da manhaja ke yi da kanta an tsara ta ne don fito da dusassun abubuwa, takan ƙone tsakiya. Ka fara da hanyar asinh wadda ke riƙe launi. Idan kana son bango da rawani su fito, ka yi kwafi biyu, ɗaya an buɗe shi kaɗan ɗaya sosai, ka haɗa su yadda tsakiya za ta fito daga na farkon. M27 da M57 suna cikin taurari masu yawa, manhajar StarNet tana iya ware taurarin gefe ka yi aiki a kan nebular ita kaɗai. Amma ka duba ko ta tafi da tauraron tsakiya, ko ta ɗauki ƙaramar nebula a matsayin tauraro ta share ta, don takan yi haka. Tauraron tsakiyar nan shi ne mai aikin gaba ɗaya, dole ya dawo cikin hoton. Kada ka mai da bango baƙi ƙirin, kuma kada ka cika launi har kore ya koma na fenti.

Idan ka ga abin da ba ya taswira

An san irin waɗannan nebula fiye da 3,000 a tarin taurarin da muke ciki, kuma har yanzu ana samun sababbi, wasu a hannun masu sha'awa. Dave Jurasevich na Amurka ya tsinci wadda ake kira Soap Bubble a rukunin Cygnus cikin hotunansa ya kai rahoto a 2008. Matthias Kronberger na Ostiriya ya gano wadda ke ɗauke da sunansa, Kronberger 61, a 2011. Don haka idan wani dusasshen zobe ya bayyana a gefen hotonka, ya cancanci a bincika, amma da tsari. Mafi yawan lokaci ƙura ce ko hasken wani babban tauraro da ya yi tsalle tsakanin filta da sensa. Ka sake ɗauka a wani dare, ka juya kyamara, ka gusar da filin hoton. Ƙura tana bin sensa, tsallen haske yana canza wuri idan aka kwatanta da taurari, abu na gaske kuwa yana nan tsakanin taurarin da ka bar shi. Idan ya tsaya, ka duba ko ya fi fitowa a OIII, ka fitar da lambobin wurinsa daga hoton, ka nema a jerin George Abell na 1966 mai abubuwa 86, sannan a rumbun HASH na Jami'ar Hong Kong, inda ake tattara waɗanda aka tabbatar da waɗanda ake zato.